Kumburin ƙwaƙwalwa a cututtukan Alzheimer da Parkinson: sanadi ne ko sakamako?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ina da tambayar da nake so masana da ke cikinmu su warware mini. A 'yan shekarun nan, da wuya a yi bayani kan cutar Alzheimer ko ta Parkinson ba a ambaci kumburin cikin ƙwaƙwalwa ba, har wasu na cewa shi ne ke kashe ƙwayoyin jijiya. Abin da na sani tun da shi ne, wasu furotin ne ke dunƙulewa su taru, wato amiloyid da tau a cutar Alzheimer, da kuma alfa-sinukilin a cutar Parkinson. To idan ƙwayoyin jijiya suna mutuwa saboda wannan taruwar, ai dole ne garkuwar jiki ta hallara domin ta kwashe abin da ya mutu, kuma samun ta a wurin ba ya nuna cewa ita ce ta yi kisan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, saboda haka ina ganin bai kamata a riƙa maimaita magana ba tare da an tantance ta ba. Mene ne hujjar masu cewa kumburin yana da hannu a ɓarnar?

Dakta Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Wannan tambaya taka ita ce ta raba kan masu bincike tsawon shekaru, don haka ba ka yi kuskuren ɗauko ta ba. Da farko ya kamata a san cewa abin da ke faruwa a waɗannan cututtuka ya sha bamban da sanƙarau, inda ƙwayar cuta ke shiga, zazzaɓi ya tashi, mutum ya kwanta cikin kwanaki kaɗan. Wannan kumburi ne mai rauni, marar zafi, wanda ke tafiya a hankali shekara da shekaru, kuma galibin masu tafiyar da shi ƙwayoyin da ke zaune a cikin ƙwaƙwalwar ne, ba waɗanda suka zo daga jini ba.

Manyansu su ne maikurogiliya, waɗanda masanin ƙasar Sifaniya, Pío del Río Hortega, ya bayyana a 1919. Su ne garkuwar ƙwaƙwalwa ta cikin gida. A lokacin lafiya suna da siraran rassa da suke miƙawa suna janyewa ba dare ba rana, suna taɓa mahaɗun jijiyoyi, suna haɗiye tarkace da ƙwayoyin da suka mutu. Idan suka ci karo da dunƙulen amiloyid ko alfa-sinukilin, sai su janye rassan, jikinsu ya yi kauri, su fara fitar da sinadaran faɗakarwa irin su TNF da IL-1 da IL-6. A raunin da ke warkewa, wannan yanayi yakan lafa bayan kwanaki ko makonni. A cutar Alzheimer kuwa dunƙulen ba ya ƙarewa, saboda haka faɗakarwar ma ba ta ƙarewa. Kamar mai gadi ne da aka hana shi runtsawa tsawon shekaru, har ya kai ga ba ya bambance ɓarawo da mai gida.

Hanyoyin da ɓarnar ke bi an san da dama daga cikinsu. Maikurogiliya da suka tashi suna fitar da wasu nau'o'in oksijin masu ƙuna da kuma naitirik oksaid, waɗanda ke lalata kitsen da ya lulluɓe ƙwayar jijiya, su kuma raunana maitokondiriya, wato sassan da ke samar mata da kuzari. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin da jiki ke amfani da shi, don haka irin wannan ƙunar ta fi yi mata illa fiye da sauran gaɓoɓi. Sannan akwai astirosait, ƙwayoyin da aikinsu shi ne ciyar da jijiyoyi da kwashe rarar sinadarin gulutamet daga mahaɗu. Idan kumburi ya sauya musu hali, kwashewar takan ragu, gulutamet ya taru, ya riƙa zaburar da jijiya ba hutu, kalsiyam ya cika ta har ta mutu. Ƙwayar jijiyar da ta mutu kuma tana zubar da abin da ke cikinta, wanda shi ma yake ƙara tayar da maikurogiliya, kuma mafi yawan ƙwayoyin jijiya idan sun mutu ba a samun madadinsu.

Usman Mai Haɗa Magani:
Likita, Allah ya ƙara basira. Bayanin ya fito sarai, amma ina tare da Malam Habibu a shakkarsa, kuma dalilina daga fannin magunguna yake. Tun a 1990 Patrick McGeer da abokan aikinsa a Kanada suka lura cewa masu amosanin gaɓɓai, waɗanda ke shan magungunan rage kumburi na tsawon lokaci, ba su cika kamuwa da cutar Alzheimer ba. Wani babban bincike na birnin Rotterdam da aka wallafa a 2001 ya nuna irin haka. Jama'a suka sa rai ƙwarai. Amma da aka zo gwaji na haƙiƙa a Amurka, aka raba mutum sama da 2,500 masu shekara 70 zuwa sama, wasu aka ba su naproxen, wasu celecoxib, wasu kuma ƙwayar da ba ta da magani, ba a ga kariya ba, kuma aka dakatar da ba da magungunan a ƙarshen 2004 saboda fargabar illa ga zuciya. Abin da ya fi wannan tayar da hankali shi ne gwajin minocycline, maganin da ke kwantar da maikurogiliya a jikin ɓeraye. An gwada shi a mutum sama da 400 masu cutar ALS, wato cutar da ke kashe ƙwayoyin jijiyar da ke motsa tsokoki, sakamakon ya fito a 2007, kuma waɗanda suka sha maganin sun fi saurin taɓarɓarewa. Idan kumburi ne ke kisan, me ya sa kwantar da shi bai ceci kowa ba?

Dakta Rabi:
Malam Usman, duk abin da ka kawo gaskiya ne, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Sai dai abin da gwaje-gwajen suka rusa shi ne tunanin cewa kumburi abu guda ne marar amfani wanda za a kashe baki ɗaya. Ba su wanke shi daga ɓarnar ba. Hujja mafi ƙarfi a wurina ta fito ne daga ƙwayoyin gado, domin mutum da su ake haifarsa, ba za a ce cutar ce ta haifar da su daga baya ba. Daga 2009 zuwa 2011, binciken da ya kwatanta ƙwayoyin gadon dubban masu Alzheimer da na masu lafiya ya gano wasu da ke sauya haɗarin kamuwa, irin su CR1 da CD33, kuma aikin waɗannan a garkuwar jiki yake. A 2013 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Iceland ɗaya kuma ƙarƙashin jagorancin masu bincike a Landan, suka wallafa cewa wani ɗan sauyi a ƙwayar gado mai suna TREM2 yana ninka haɗarin kamuwa kusan sau uku. A cikin ƙwaƙwalwa, maikurogiliya ne ke amfani da TREM2. Wannan ya nuna cewa halin da waɗannan ƙwayoyi ke ciki yana cikin abubuwan da ke yanke ko mutum zai kamu ko ba zai kamu ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Sauyin da ke TREM2 ba ya ƙara wa maikurogiliya zafi, rage musu iya aiki yake yi. Da lafiyayyen TREM2 suke gane dunƙulen amiloyid, su kewaye shi, su matse shi wuri guda domin kada ya taɓa rassan jijiyoyin da ke kusa. Waɗanda aka haifa ba su da TREM2 mai aiki ko kaɗan suna kamuwa da wata cuta da ba a cika gani ba, mai suna Nasu-Hakola, inda mantuwa ke kama su tun suna tsakiyar ƙarfinsu. Ke nan gazawar maikurogiliya wajen share tarkace ɓarna ce, wuce gona da irin da suke yi wajen fitar da guba shi ma ɓarna ne, kuma duka biyun kan faru a ƙwaƙwalwa ɗaya a lokuta daban-daban. Maganin da ya danne su gaba ɗaya zai iya rage gubar ya kuma hana sharar, sai a tashi ba riba.

Malam Habibu:
Na gamsu cewa suna da hannu, Likita. Amma har yanzu ina neman misalin da aka ga kumburin da kansa ya ci gaba da kashe jijiyoyi bayan abin da ya tayar da shi ya gushe.

Nura Ɗalibin Kimiyya:
Da izinin manyana, ina ganin akwai misalan da suka amsa wannan kai tsaye. A 1982, a jihar California ta Amurka, wasu matasa sun yi wa kansu allurar wata ƙwaya ta maye da ta gurɓace da sinadarin MPTP, kuma cikin kwanaki suka sandare kamar masu cutar Parkinson da ta yi nisa. Likita William Langston ne ya gano musabbabin. Sinadarin ba ya daɗewa a jiki. Duk da haka, da aka duba ƙwaƙwalwar uku daga cikinsu bayan rasuwarsu, shekara 3 zuwa 16 bayan allurar, an tarar da maikurogiliya a tashe sun yi dafifi a kan ƙwayoyin jijiya masu samar da dofamin, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsi da shi, wanda ke ƙaranci a cutar Parkinson, tare da alamun cewa mutuwar ƙwayoyin tana ci gaba har zuwa lokacin. An wallafa wannan a 1999. Gubar ta daɗe da fita, amma abin da ta tayar bai kwanta ba.

Misali na biyu shi ne cutar HIV. Ƙwayar cutar ba ta cika shiga ƙwayoyin jijiya ba, maikurogiliya da danginsu take kamawa, amma kafin a samu magungunan da ke danne ta, masu ɗauke da ita da yawa sun kamu da mantuwa mai tsanani, jijiyoyinsu suka lalace saboda abin da ƙwayoyin garkuwar da suka kamu ke fitarwa.

Na uku kuma shi ne wanda ya fi burge ni, domin ya raba farkon cuta da ci gabanta. Wasu masu ALS sun gaji lalatacciyar ƙwayar gado mai suna SOD1, wadda aka gano alaƙarta da cutar a 1993. A 2006, ɗakin binciken Don Cleveland a San Diego ya ɗauki ɓerayen da ke ɗauke da wannan lahani, ya rage shi a ƙwayoyin jijiya kawai, sai cutar ta yi jinkirin farawa. Da aka rage shi a maikurogiliya kawai, lokacin farawar bai sauya sosai ba, amma tafiyar cutar a matakinta na baya ta yi sanyi ƙwarai, ɓerayen suka ƙara tsawon rai. Fahimtata ita ce, matsalar tana iya farawa daga cikin jijiya, amma saurin da take yi bayan nan maƙwabtan jijiyar ne ke da babban kaso a cikinsa.

Usman Mai Haɗa Magani:
Ƙanena Nura, misalin MPTP da na HIV sun yi mini, domin a jikin mutane aka gan su. Na ɓeraye kuwa ina karɓarsa da taka tsantsan. Minocycline ɗin da na ambata ai a ɓerayen SOD1 ya fara nuna alheri kafin ya ba da kunya a mutane. Ɓera yana rayuwa shekara biyu ko uku, cutar da aka dasa masa tana gudu cikin watanni, alhali amiloyid yana fara taruwa a ƙwaƙwalwar mutum shekara 15 zuwa 20 kafin a ga alamar farko. Maikurogiliyar mutum mai shekara 80 ma ba ɗaya suke da na ɓera mai wata shida ba.

Hajiya Asabe:
Ina bibiyar wannan tattaunawa da natsuwa, domin mahaifina yana fama da ciwon mantuwa kuma ni ce ke kula da shi. Akwai abin da na gani da idona wanda nake so Likita ta yi mini bayaninsa. Mantuwarsa tana tafiya ne a hankali, yana gane mu, yana cin abinci da hannunsa, yana maimaita tambaya amma ana hira da shi. Sai ya kamu da ciwon mafitsara, zazzaɓin ma bai yi tsanani ba. Cikin dare biyu ya rikice, yana fizge zanen gado, yana kiran sunayen 'yan'uwansa da suka daɗe da rasuwa, ya dube ni ya tambaye ni ko 'yar wane ce ni. An ba shi magani, ciwon mafitsarar ya warke, ruɗewar ta lafa, amma bai koma yadda yake a da ba. Tun daga lokacin sai an riƙe masa cokali. Shin ciwon da ke mafitsara zai iya taɓa ƙwaƙwalwa haka?

Dakta Rabi:
Sannu da ƙoƙari, Hajiya, Allah ya ba Baba sauƙi, ya saka miki da alheri. Abin da kika bayyana sananne ne ga duk mai duba tsofaffi, kuma yana tsakiyar maganar da muke yi. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda ke tace abin da zai shiga, amma saƙon kumburi yana tsallaka shi, ta bangon jijiyoyin jini da kuma ta wata doguwar jijiya mai suna bagus da ta haɗa kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ko mai lafiya idan zazzaɓi ya kama shi yake jin kasala da son barci da rashin son magana. A ƙwaƙwalwar da cuta ta riga ta taɓa, maikurogiliya suna zaune ne a shirye, saboda haka saƙon da zai sa mai lafiya kasala kawai, su sai ya sa su mayar da martani fiye da kima. Ga shi kuma shingen kansa yana yin rauni da tsufa.

Masu bincike a Jami'ar Southampton da ke Ingila, Clive Holmes da Hugh Perry da abokan aikinsu, sun bibiyi masu Alzheimer kusan 300 na tsawon wata shida, suka wallafa a 2009 cewa waɗanda suka gamu da wani ciwo mai tayar da kumburi a jiki, kamar ciwon ƙirji ko na mafitsara, tunaninsu ya taɓarɓare da saurin da ya ninka na sauran kusan sau biyu. Ba zan iya yanke hukunci kan Baba ba tare da na duba shi ba, amma abin da kika gani ya dace da wannan. Abin da zan roƙe ki shi ne, duk ranar da kika ga ya rikice farat ɗaya, kada ki ɗauka mantuwar ce kawai ta ƙaru. A kai shi a duba fitsari da ƙirji da haƙora da fatar bayansa, a tabbatar yana shan ruwa, a kuma duba magungunan da yake sha, domin ruɗewar gaggawa kusan kullum tana da sanadin da za a iya magancewa, kuma gwargwadon saurin magance shi gwargwadon abin da za a iya tserar da shi.

Hajiya Asabe:
Na gode, Likita. Wata 'yar'uwa ta ba ni shawarar in riƙa ba shi ibuprofen kullum tunda an ce kumburi ne. Ban fara ba tukuna.

Usman Mai Haɗa Magani:
Hajiya, don Allah kada ki fara. Gwaje-gwajen da aka yi wa waɗanda cutar ta riga ta kama ba su nuna cewa irin waɗannan magunguna suna rage mantuwa ba, alhali illarsu ga tsoho tabbatacciya ce: gyambon ciki da zubar jini, raunin ƙoda, hawan jini, da haɗari ga zuciya. Tsohon da ke da mantuwa kuma ba lallai ne ya iya gaya miki cikinsa na ciwo ba, sai dai ki ga bayan gidansa ya yi baƙi ko ya faɗi. Idan yana da ciwon gaɓɓai da ke buƙatar magani, likitansa ne zai zaɓi wanda ya dace da ƙodarsa.

Nura Ɗalibin Kimiyya:
Yaya Usman, ina so in koma kan batun lokaci, domin ina ganin a nan ne amsar gazawar magungunan take. Abin da ya fi tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin mantuwa a cutar Alzheimer shi ne asarar mahaɗun jijiyoyi, fiye da yawan dunƙulen amiloyid. A lokacin da ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa, akwai wasu furotin na garkuwa, C1q da C3, da ke manne wa mahaɗun da ba a buƙata, maikurogiliya su zo su cinye su. Mai bincike Beth Stevens ta nuna rawar waɗannan furotin a 2007, sannan a 2016 ɗakin bincikenta ya nuna cewa a ɓerayen da aka dasa wa irin cutar Alzheimer wannan tsari yana sake farkawa, ana cinye mahaɗu masu amfani tun kafin dunƙulen amiloyid ya bayyana, kuma toshe C1q ya kare su. Naproxen da ibuprofen wata hanya daban suke toshewa, ba su da iko a kan wannan. Haka nan a cutar Parkinson, kafin hannu ya fara karkarwa an riga an rasa kaso mai yawa na ƙwayoyin dofamin. Maganin da aka kawo a wannan mataki ya zo ne bayan an gama mafi yawan ɓarnar.

Usman Mai Haɗa Magani:
Na yarda da batun lokaci, amma ka lura cewa ko ƙarfafa maikurogiliya ta hanyar da ake ganin mai kyau ce bai yi nasara ba tukuna. Maganin da aka ƙera domin zaburar da TREM2 an gwada shi a masu Alzheimer na matakin farko, kuma a ƙarshen 2024 aka sanar cewa bai rage saurin cutar ba. Wanda ya ɗan yi tasiri shi ne lecanemab, da Amurka ta amince da shi a 2023. Yana manne wa amiloyid ne, maikurogiliya su haɗiye shi, wato da garkuwar yake aiki. Ya rage saurin taɓarɓarewa da kusan kashi 27 cikin 100 a wata 18, amma kusan mutum 1 cikin 8 na waɗanda aka yi wa ƙarinsa sun samu kumburi a ƙwaƙwalwa da aka gani a hoton MRI. Tun a 2002 ma an dakatar da gwajin wani rigakafin amiloyid bayan kusan kashi 6 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun kamu da kumburin ƙwaƙwalwa mai tsanani.

Malam Habibu:
Idan haka ne, Likita, akwai wani abu da aka gani a jikin mutane, ba ɓeraye ba, da ke nuna cewa taɓa garkuwar jiki tun da wuri yana rage kamuwa?

Dakta Rabi:
Akwai wanda ya ja hankalina, Malam Habibu, kodayake ba a gama da shi ba. Ƙwayar cutar ƙarambau tana ɓuya a jijiyoyi bayan an warke, ta sake tashi a tsufa da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki. A 2013 yankin Wales na Birtaniya ya fara yi wa tsofaffi rigakafin wannan, aka kuma sa ƙa'ida da ranar haihuwa: wanda aka haifa kafin 2 ga Satumba 1933 bai cancanta ba, wanda aka haifa a ranar ko bayanta ya cancanta. Wannan ya samar da rukuni biyu na mutanen da bambancin shekarunsu bai wuce makonni ba. Masu bincike daga Jami'ar Stanford sun bi bayanan lafiyarsu na shekara 7, suka wallafa a 2025 cewa rigakafin ya rage samun sabon ciwon mantuwa da kusan kashi 20 cikin 100, kuma tasirin ya fi fitowa a mata. Ana iya fassara shi ta hanya biyu, ko dai hana ƙwayar cutar tashi ne ya rage kumburin da take jawowa a jijiyoyi, ko kuma rigakafin ne ya sauya yadda garkuwar ke aiki gaba ɗaya. Kafin a ce wa mutane su yi wannan rigakafi domin kare kansu daga mantuwa, sai an yi gwajin da za a raba mutane ta hanyar ƙuri'a, irin wanda Malam Usman ya ambata a kan naproxen, domin shi ma naproxen sai da ya yi kyau a bayanan asibiti kafin gwaji ya nuna akasin haka.